Tsakuwa mai milimita 6 ta tsaya wa ƙanina a bututun ƙoda, me za mu yi?

Maman Walid, Jidda

Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar lafiya ku taimaka min da bayani. Ƙanina direba ne, yana dakon kayan gini tsakanin Jidda da Makka. Shekaranjiya da asuba wani ciwo ya turnuƙe shi a kwiɓin dama, ya gangaro har matsematsi, yana ta birgima a kan darduma yana amai, fitsarinsa kuma ya koma kamar ruwan shayi. A mustashfa, wato asibiti, aka yi masa allura ciwon ya lafa, aka ɗauki hoto aka ce hasawa ce, wato tsakuwa, mai milimita 6, ta tsaya a bututun da ke saukowa daga ƙodar dama. An ba shi wata ƙwaya da zai riƙa sha da dare da maganin ciwo, an ce ya koma bayan sati biyu. Likitan da Larabci ya yi magana, da sauri kuma, rabin bayanin ya wuce mu.

Yanzu kowa da tasa shawarar. Wani ya ce ya daina shan laban, wato nono, da madara don su ne ke zama dutse. Wani ya ce ya sayi katan ɗin ruwan sha'ir ya yi ta ɗirka. Wata ta ce ruwan Jidda ne. Ni dai so nake in gane yadda aka yi dutse ya shiga cikin mutum, da abin da za mu yi masa yanzu, da yadda za a hana ta dawowa.

Abu Hafsa, Madina

Wa alaikumussalam Maman Walid, Allah ya ba shi lafiya. Dutsen ba daga waje ya shiga ba, a cikin fitsarin ya haɗu. Bari in fara daga yadda ake yin fitsarin, sauran bayanin zai zo da sauƙi.

Ƙoda biyu ce, suna can baya a ƙasan haƙarƙari, dama da hagu na ƙashin baya. Kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba, tsawonta santimita 10 zuwa 12. A cikin kowace akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta ƙoda yake bi, fiye da lita ɗaya ke nan a kowane minti. Daga wannan jinin matatan kan tace ruwa kimanin lita 180 a kwana ɗaya. Da duka zai fita da mutum bai kai azahar ba. Sai dai ƙodar kan sake tsotse kusan dukkansa ta mayar cikin jini, tare da suga da gishirin da jiki ke buƙata, ta bar lita ɗaya zuwa biyu ɗauke da dattin. Wannan ragowar shi ne fitsari.

Daga kowace ƙoda siririn bututu ya sauko zuwa mafitsara, tsawonsa santimita 25 zuwa 30, faɗin cikinsa milimita 3 zuwa 4 kacal. Ki riƙe wannan lissafin. Bututun ba sake yake kamar tiyo ba, yana da tsoka, yana matsawa yana tura fitsari ƙasa kamar yadda maƙogwaro ke tura abinci. Mafitsara jaka ce mai talewa a cikin mara, tana ɗaukar kusan rabin lita, amma tun tana rabin cika take fara yi wa mutum magana. Daga ita sai bututu na ƙarshe da ke fitar da fitsarin waje.

To ga inda zafin ƙasar nan ke shigowa. Idan jiki ya yi asarar ruwa ta zufa, ƙwaƙwalwa kan aika wa ƙoda saƙo ta wani sinadari cewa a riƙe ruwa. Ƙoda ta bi umarni, ta zuba dattin yini guda a cikin ɗan ruwan da bai fi rabin lita ba. Shi ne fitsarin ke yin duhu da zarni. Ki zuba suga cokali goma a ƙaramin finjalin ruwa ki juya, za ki ga wani ya ƙi narkewa ya kwanta a ƙasa. Haka kalsiyam da wani sinadari mai suna okzalet ke yi a fitsarin da ya yi kauri. Su haɗu su zama ƙwayoyi kamar yashi, yashin ya manne a cikin ƙoda, kullum ana ƙara masa shafe, cikin watanni ya zama tsakuwa. Mafi yawan tsakuwoyi, kusan uku cikin huɗu, irin wannan ne. Akwai kuma ta yurik asid, wadda ta fi kama masu ciwon suga da masu ƙiba da masu yawan cin nama, da wata da ƙwayoyin cuta ke haddasawa.

Muddin tana zaune cikin ƙoda sau da yawa ba a jin komai. Ranar da ta ɓalle ta faɗa bututun nan mai milimita 4 ita tana da 6, ranar ce aka ga birgima. Ta toshe hanya, fitsari ya taru a bayanta ya kumbura ƙodar, bututun kuma yana ta murɗawa yana son ya tura ta. Shi ya sa ciwon ke zuwa yana lafawa, shi ya sa kuma yake gangarowa matsematsi yayin da take sauka. Jinin da ya rina fitsarin daga kartar da take yi wa bangon bututun ne.

Wadda ba ta kai milimita 5 ba galibi da kanta take fita. Wadda ta haura 10 da wuya. Ta ƙaninki tana tsakiya, kusan rabin masu irinta kan fitar da ita ba tare da aiki ba, shi ya sa likitan ya ba shi lokaci. Ƙwayar daren nan bisa dukkan alamu tamsulosin ce, ki duba kwalin. Aikinta sassauta tsokar ƙasan bututun don tsakuwar ta samu wucewa.

Maganar ruwan Jidda kuwa, ruwan famfon garin daga teku ake tace shi a cire masa gishiri. Ba irin ruwan ne matsalar ba, ƙarancin shansa ne.

Sista Rabi, Makka

Yaya Maman Walid, sannunku da jinya. Malam Abu Hafsa ya gama da yadda abin yake, ni zan tsaya a kan sati biyun nan, don a cikinsu ake yin kuskuren da ke cin ƙoda.

Abu na farko, kuma wanda na fi so ki riƙe ko da kin manta sauran: idan zazzaɓi ko rawar sanyi ya haɗu da ciwon nan, ba a jiran gari ya waye. Fitsarin da ya taru a bayan tsakuwa idan ƙwayoyin cuta suka shige shi ba shi da mafita, cikin awoyi cutar kan tsallaka jini. Maganin sha ba ya isa wurin sai an buɗe hanya, ko a zura siririn roba daga mafitsara zuwa ƙoda, ko a huda ta baya a tsiyaye. Ku nufi sashen gaggawa, ko ku kira Hilal Ahmar, masu motar ɗaukar marasa lafiya, a 997. Haka nan idan fitsari ya ɗauke gaba ɗaya, ko amai ya hana ruwa da magani zama, ko ciwon ya ƙi jin magani. In tambaya ce kawai ta taso muku da dare, layin ma'aikatar lafiya 937 ne.

Sai maganin ciwo. Diklofenak da ibuprofen, waɗanda aka fi sani da Voltaren da Brufen, sun fi komai kwantar da ciwon tsakuwa, wannan gaskiya ne. Amma suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Mutumin da ya wuni a rana jikinsa a bushe, ƙoda ɗaya kuma a toshe, ya riƙa watsa su sau huɗu sau biyar don ya samu ya yi shugul, wato aiki, wannan yana iya kwantar da lafiyayyar ƙodar ma. Ya sha adadin da aka rubuta, bayan abinci, na 'yan kwanaki, kada ya haɗa iri biyu a lokaci guda. In yana da gyambon ciki ko an taɓa cewa ƙodarsa ta yi rauni, ya koma ya faɗa a canza masa.

Tamsulosin kan sa jiri idan mutum ya miƙe da sauri, musamman a kwanakin farko. Direba ne, don haka ya sha ta lokacin kwanciya, in ya farka ya ɗan zauna bakin gado kafin ya tashi. A ganina ma doguwar hanya da babbar mota ba tasa ba ce sai tsakuwar ta fita, don ciwon ba ya sallama kafin ya zo. Ya karɓi takardar hutu daga likita ya kai wa kafili, wato ubangidansa na aiki.

Ruwa kuma, a lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa ɗirkar lita uku ba ta tura tsakuwa, ƙara kumbura ƙodar take yi, ciwon ya ƙaru. Ya riƙa kurɓa daidai ƙishirwa. In ya lafa sai ya koma sha sosai. Ruwan sha'ir na kwalba ba ya narkar da komai. Amfaninsa ruwan da ke ciki ne, mai ɗanɗanon 'ya'yan itace kuwa suga ne fal.

Ku sayi matacin shayi sabo ku ajiye masa a banɗaki, duk fitsarin da zai yi ya bi ta ciki. Tsakuwar kan fito kamar ƙwayar dawa ko gutsuren tsakuwar shinkafa, launin ƙasa ko baƙi-baƙi, wani lokaci da ƙaiƙayi a jikinta. A ɗauraye ta, a bar ta ta bushe, a kai ɗakin gwaji. Sanin irinta shi zai nuna abin da zai kiyaye a gaba. Ta yurik asid ma ana iya narkar da ita da magani, ta kalsiyam ba a iyawa.

Kuma ɗaukewar ciwo ba shaida ba ce cewa ta fita. Tana iya zama shiru a wurin ƙodar tana lalacewa a hankali. In ba ku gan ta a matacin ba, dole a sake hoto. Idan ta kai sati huɗu zuwa shida ba ta motsa ba sai a fitar da ita, ko a farfasa ta daga waje da na'ura, ko a bi ta hanyar fitsari da siririyar kyamara a fasa ta da leza. Duk biyun ba a yanka ciki.

Malam Ɗanjuma, Riyad

Hajiya, a kan laban ɗin nan nake so in yi magana, domin shawarar da aka ba ku a juye take. Kada ya daina. Kalsiyam ɗin da ke cikin abinci kan haɗu da okzalet tun a hanji, su fita tare ta bayan gida. In aka janye madara da laban, okzalet ɗin ya rasa mai kama shi, ya shige jini, ya sauka a ƙoda, tsakuwa ta ƙaru. Babba na buƙatar miligiram 1000 zuwa 1200 na kalsiyam a rana, kofi biyu zuwa uku na laban ko madara tare da sauran abinci sun kai shi nan. Dabarar ita ce a sha tare da cin abinci.

Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne gishiri. Duk gishirin da ƙoda za ta fitar sai ya janyo kalsiyam ya biyo shi cikin fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a rana, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye a ɗunƙulen miya, da taliyar leda, da soyayyar kazar kanti, da zaitun da cuku na gwangwani. Mai cin abincin hanya kullum ya ninka wannan bai sani ba. Nama ma a rage. Shinkafa da nama irin mandi da rana, kabsa da dare, gobe hanta da safe, wannan yana ƙara asid a fitsari yana kuma rage sitret, sinadarin da ke hana yashin mannewa. Yanka ɗaya kamar tafin hannu sau ɗaya ko biyu a rana ya isa. Alayyafo da gyaɗa da cakulan da baƙin shayi mai kauri suna da okzalet da yawa. Ban ce a haramta su ba, a rage, in za a ci a haɗa da laban. Lemon kwalba mai suga, musamman baƙin, a bar shi. Ƙwayar bitamin C mai miligiram 1000 da ake jefawa a ruwa tana tafasa, mai tsakuwa ya rabu da ita, jiki na mayar da wani ɓangarenta okzalet.

Lemon tsami kuwa yana da amfani na gaske saboda sitret ɗinsa. Rabin kofi na ruwansa a cikin lita biyu na ruwa, ba suga, a sha a wuni. Hana sabuwa yake yi, ba ya cinye wadda ta riga ta ƙulla.

Yawan ruwa ba a auna shi da abin da ya shiga, da abin da ya fita ake aunawa. Abin nema shi ne fitsari lita 2 zuwa 2.5 a kwana. Mai zaman ofis ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, lita 3 na sha ta kai shi. Mai ɗaure kaya a bayan mota a watan Yuli yana iya zubar da lita guda ta zufa cikin awa ɗaya, shi lita 3 ba ta je ko'ina ba. A Makka zafi na haura digiri 45, a aikin Hajjin 2024 ma ya wuce 51. A Riyad da Madina iskar a bushe take, zufa na bushewa kafin a gan ta, sai mutum ya ɗauka bai yi gumi ba. In yana aiki a rana, kofi ɗaya duk minti 20, amma kada ya wuce lita ɗaya da rabi a awa. Ranar hutunsa ya gwada: ya tara fitsarin awa 24 a gorar lita ɗaya da rabi da aka yanke wa baki. In bai cika gora ɗaya da rabin wata ba, ruwan bai isa ba. A sauran ranaku launi ya ishe shi, ya zama fari-fari da ɗan rawaya kaɗan. Kuma doka ta hana sa ma'aikaci aiki a tsakar rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Haƙƙinsa ne.

Ina nanata wannan ne saboda kusan rabin waɗanda suka yi tsakuwa sukan sake yi cikin shekara biyar zuwa goma in ba su canza komai ba.

Ummu Sumayya, Makka

'Yar'uwa, akwai dalilin da ke hana mutanenmu shan ruwa wanda ba a cika faɗa ba, shi ne tsoron fitsari. Direba ba ya son tsayawa a hanya. Mai aikin gida tana jin nauyin yawan shiga banɗakin masu gida. Wanda ya samu sahu a Harami kuwa, ya san in ya fita zuwa banɗaki ya dawo ba zai tarar da wurinsa ba, sai ya riƙe alwala ɗaya daga la'asar har isha, ga randunan Zamzam a gefensa ba ya taɓawa. Alhali a Sahihu Muslim, ta hanyar Nana A'isha, an hana mutum yin salla yana matse da fitsari ko bayan gida. Addini bai ɗora mana wannan wahalar ba.

Fitsarin da ya daɗe a mafitsara wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta ne, fitar da shi duk awa uku zuwa huɗu shi ke wanke su. Mu mata abin ya fi shafa, don bututunmu na waje santimita 4 ne kawai, na namiji kusan 20, kuma mafi yawan ƙwayoyin daga bayan gida suke tasowa. Saboda haka tsarki daga gaba zuwa baya, fitsari bayan saduwa, a kuma bar cusa sabulu da turare da kayan matsi, suna kashe ƙwayoyin kirki da ke tsaron wurin. Zafin fitsari da yawan jin sa ana yin kaɗan-kaɗan da nauyin mara, mafitsara ce. In aka ƙara da zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ya hau ƙoda. Mai ciki ko ba ta jin komai a gwada fitsarinta wurin awo. Kada a ce sanyi ne a karɓi ragowar kafson maƙwabciya, a yi gwaji a san ƙwayar da maganin da ke kashe ta.

Ƙari ɗaya game da ƙaninki. In bayan tsakuwar ta fita jini bai daina ba, musamman ɗigon da ke biyo ƙarshen fitsari, kuma ya taso yana wanka a kududdufi ko hanyar ruwan noman rani a gida ko a Jazira ta Sudan, ya gaya wa likita a nemi tsargiya. Fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ake kaiwa, a lokacin ƙwan tsutsar ya fi fita. Maganinta praziquantel ne, gwargwadon nauyin jiki ake ba da shi. In an bar ta shekaru tana ƙuntata bututun ƙoda, tana kuma jawo sankarar mafitsara.

Maman Walid, Jidda

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa. Na duba kwalin, tamsulosin ce. Matacin ma an sayo. Saura abu biyu: ya saba azumin Litinin da Alhamis, ya ci gaba? Kuma ta yaya za mu san ƙodar ba ta taɓu ba?

Abu Hafsa, Madina

Amin, Maman Walid. Na nafila ya dakata har tsakuwar ta fita hoto ya tabbatar, don awa goma sha huɗu ba ruwa a wannan yanayin ƙara wa fitsarin kauri zai yi. Bayan ya warke yana iya komawa, ya fi kyau ya zaɓi ranakun da ba ya aikin rana. Ya raba ruwansa tsakanin magariba da asuba: kofi biyu da buɗa baki, kofi ɗaya duk awa har ya kwanta, kofi biyu ko uku da sahur, ya kuma rage gishiri da gahawa a sahur ɗin. Shan lita biyu a tashi ɗaya dab da kiran salla ba ya zama a jiki, kafin hantsi ƙoda ta zubar da shi. Na Ramadan kuwa ya tambayi likitansa wata guda kafin ya kama.

Lafiyar ƙoda ba a gane ta da ciwon baya ko rashinsa, tana iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mutum na yawonsa. Gwaji biyu ne. Na jini shi ne kiriyatinin, daga shi ake fitar da lambar da za ki gani a takarda an rubuta eGFR. Sama da 90 daidai ne. Ƙasa da 60 har tsawon wata uku ciwon ƙoda ne mai ɗorewa. Ƙasa da 15 an kusa wankin ƙoda, wanda galibi sau uku ne a sati, awa huɗu kowane zama. Na biyu gwajin fitsari ne da ke neman furotin mai suna albumin, shi ke fara nuna matatan sun soma yoyo tun lambar jini ba ta motsa ba. In lambarsa ta ɗan sauka yanzu kada hankalinku ya tashi, toshewa da bushewar jiki kan jawo haka, a maimaita bayan tsakuwar ta fita. Ranar da zai koma ya nemi a haɗa masa da awon suga da hawan jini, su biyun ne kan gaba wajen kashe ƙoda, da kuma kalsiyam da yurik asid na jini. Ya tafi da hoton farko da kwalayen magungunan, da wani mai jin Larabci sosai.